Tabkin da Masoyina Ya Rufe

Salama gare ku, ƴan uwa masu leƙo wannan shafi. Sunana Raliya, ƴar Belbeji ce ni, cikin kwarin Tarka a ƙasar Damargu. Yau zan ba ku labarin damanar da na kusa rasa mijin aure saboda ruwan tabki. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin har zanena sai da ya yi mini yawa don rama.

A shekarar tamanin da shida ne, shekarar fara. Farin da aka yi shekara biyu kafin nan ya cinye kusan duk shanun Babana, Alhaji Mailafiya. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne Tabkin Aduwa da ke bayan gari. A bakinsa mahaifiyata, Iya Yagana, take noman rani ita da matan unguwa: albasa, tumatir, kabewa, salati. A nan kuma Fulani da Buzaye suke shayar da ɗan abin da ya rage musu, ran kasuwa su sauka a zauren Baba, shi ne mai masaukinsu kuma dillalinsu. In babu tabkin nan, to, gidanmu babu miya babu baƙo.

A wannan zauren na fara ganin Aghali. Ma'aikacin sarbis ɗin ruwa na gwamnati ne a Tanut, Ba'abzine, dogo siriri, wandon kaki da riga mai aljihu biyu, amma rawaninsa shuɗi ba ya rabuwa da kansa. Ya zo awon rijiyoyi, aka aike ni in kai masa ruwa. Maimakon ya sha, sai ya karkata kwanon wajen haske yana leƙawa.

Na ce, “Malam, ruwan gidanmu ne ba ka yarda da shi ba?”

Ya ce, “Ki yi haƙuri, sabo ne. Ko ruwan uwata sai na leƙa.”

“To me ka gani?”

“Na ga mai kawo shi ta fi shi sanyi.”

Hmm! Ni da na zo da tsiwa, ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba. Kafin damana ta faɗi kawunnansa sun kawo goron gaisuwa, aka ce sai bayan kaka. Iya ta fara tara mini kwanuka a ƙarƙashin gado, ni kuwa kullum la'asar sai na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ruwan ganye, na ja kwalli, ko da na san ba ranar zuwansa ba ce.

Sai ga fara ta sauko wa hatsi. Motoci suka yi ta wucewa arewa da tano-tano, manyan gangunan ƙarfe na maganin fara. Wata rana aka kwana ana ruwa, wani kamyo, babbar motar kaya, ya kafe a ƙoramar da ke zuba cikin tabkinmu, ya kishingiɗa, tano ɗaya ya faɗo ya fashe. Ambaliya ta kwashe abin da ke ciki ta kai Aduwa.

Da safe na bi Iya muka je. Wari kamar kananzir da tafarnuwa. Kwaɗi birjik a bakin ruwa, cikinsu a sama. Dado, wani dattijon Bafulatani aminin Baba, yana tsaye a kan awakinsa da suka sha tun asuba, suna kumfa suna shure-shure.

Kafin azahar Aghali ya iso a kan babur, da izinin kumandan mai mulkin yankin, da jandarma biyu a bayansa. Ya sa aka kewaye tabkin da ƙaya. Ba mutum, ba dabba, ba ban ruwa.

Da yamma dattawa suka cika zauren Baba, ni kuwa na maƙale a bayan zana, wai ina tsince shinkafa.

Na ji Aghali yana cewa, “Maganin fara iri biyu ne ke yawo a ƙasar nan. Akwai wanda ruwa ke cinyewa cikin ƴan makonni. Akwai tsohon iri, wanda jikokinku za su zo su tarar da shi a laka. Rubutun jikin tanon ya goge, direban kuma bai san abin da aka ɗora masa ba.”

Baba ya ce, “To yaya za a yi a sani?”

“Na aika da ruwan Yamai, Baba, amma duk ƙasa na layi a can. Kafin su amsa, zan tambayi ruwan da kansa.”

Wani ya yi tsaki. “Ruwa na magana ne?”

Aghali bai ji haushi ba. Ya ce a cikin kowane ruwan tabki akwai wasu ƴan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da ganye da kashin dabba har ruwa ya koma lafiya. In suna cin abu, sai sun shaƙi iskar da ke narke a cikin ruwan. Saboda haka zai ɗebo ruwa daga wani tabki mai lafiya a kwarin, ya cika kwalabe har baki, ya ɗiga wa wasu guntun maganin da ya rage a tanon, ya toshe su. Duk mako zai buɗe kaɗan ya auna iskar. In tana raguwa, ana cin maganin ke nan. In ba ta motsa ba, to, sai addu'a. Aikin sati huɗu ne, ba ya gajartuwa.

Sai dai kwalaben na son duhu da sanyi, biron Tanut kuwa, wato ofishinsu, rufin kwano ne, rana na dafa shi. Ko'ina aka duba ba a sami wurin da ya kai ɗakin randar Iya ba, ɗan ɗakin ƙasa marar taga, da jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin randuna. Nan ya binne su har wuya. Masu farin zare a wuya ruwa ne zalla. Masu kore an sa musu ɗan sukari, don a tabbatar ƴan halittun na raye. Masu jan zare su ne masu magani. Aikina in yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Wallahi yadda nake lallaɓa su, kai ka ce ƙwan zabi ne.

Ranar awon farko ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, ya jera ƴan kayansa. Ya zuba wasu magunguna a ruwan, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ƙara wani, ya koma shuɗi kamar baban rini. Sai ya dinga ɗiga wani farin ruwa, ɗis, ɗis, har shuɗin ya ɓace. In iska na da yawa, shuɗin na da taurin kai. In ta ragu, nan da nan yake washewa.

Mai koren zare ta washe da wuri. Ya yi murmushi, “Suna raye.”

Mai farin zare ta daɗe. Mai jan zare ita ma ta daɗe, daidai da ita. Ƴan halittun ba su taɓa maganin ba.

Ya shiga wanke kwalba. Na ce a hankali, “Tsohon irin ne?”

“Ban sani ba tukuna, Raliya.”

Mako na biyu ma kusan haka. A nan fa gari ya juya mana baya. Dabbobi sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa rijiya mai zurfi, su yi layi har dare, ana jan ruwa da raƙumi. Makiyaya suka fara kaɗa garkensu gabas, zauren Baba ya zama fayau ran kasuwa. Irin albasar da Iya ta yafa ya fara ƙonewa, don ruwan da muke ɗaukowa a ka bai isa sha ba balle ban ruwa. In na je rijiya sai in ji ana raɗa, “Ga amaryar mai ƙaya nan.” Warin kuwa ya riga ya tafi, tabkin na ta ƙyalli a rana, kowa na ganinsa da ido, ƙishirwa na cin dabbarsa.

Ana haka sai ga Gwaggo Tata, yayar Baba, ta sauka daga motar kasuwa da lulluɓinta mai ruwan goro da carbi a wuya. Gwaggo irin matan nan ne da in suka shigo gida har kaji sai sun natsu.

Ko ruwa ba ta sha ba ta fara. “Mailafiya, a mayar musu da goronsu! Tun bai shigo ba ya toshe mana maƙogwaro, in ya shigo fa? Ke kuma,” ta nuna ni da carbi, “maza sun ƙare ne? Ga ɗan ƙawata can ma'aikacin duwan, masu karɓar kuɗin fito a iyaka, har da mota.”

Na sunkuyar da kai. A raina na ce, Gwaggo, ki auri motar mana.

Baba ba mai hayaniya ba ne. Ya bari sai da Aghali ya zo, ya kira shi zaure. Na koma bayan zanata.

“Ɗana, wari ya tafi. Ka buɗe mana ko gefe ɗaya ne, shanu su sha.”

“Baba, wari ba shi ne dafin ba.”

“Ni nake roƙonka.”

Aghali ya ce, “Ka gafarce ni, Baba. Ba zan iya ba.”

“To shi ke nan. Daga yau ba zance tsakaninka da ƴata. Kwalabenka amana ce, ba mai taɓa su, ka zo ka yi awonka ka tafi.”

Ranar, da Aghali ya fito daga ɗakin randa, na tare shi. Iya na daka a gefe, ta yi kamar ba ta gan mu ba.

“Ka buɗe mana. Ko don ni.”

“Raliya, in na buɗe don ke, saniya ta sha, jariri ya sha nononta ya kwanta, da wane suna za ki kira ni?”

“Ashe dai kwalba ta fi ni daraja a wurinka.”

Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya hau babur ɗinsa. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Na san gaskiyarsa, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Ku ƴan yanzu da saƙo ke shigo muku cikin aljihu, mu a lokacinmu sai kaset. Bayan kwana kaɗan direban motar kasuwa ya miƙa wa Iya wani ƙulli, ya ce na Raliya ne. Iya ta juya shi, ta dube ni, ta tura mini rediyonta da ƙafa. Na lallaɓa inuwar rumbu da rana tsaka, na rage murya.

Da farko ƙarar zuba shayi kawai nake ji, da tari. Sannan muryarsa, da ƴar Hausarsa mai ɗan gargada.

“Raliya, ina gaisuwa. Ban iya magana ba in kina kuka, shi ya sa na gudu. Kada ki yanke ƙauna. Ƴan halittun nan kamar baƙo ne da aka ajiye wa abincin da bai sani ba, sai ya daɗe yana kallo kafin ya sa hannu. Wataƙila su ci, wataƙila su ƙi, ban yi miki alkawari ba. Amma ba zan yi wa mahaifinki ƙarya ba, don so nake ya zama mahaifina. Ki ci gaba da jiƙa yashin. Shi ke nan. Af, kuma ki ci abinci, na ga kin rame.”

Na mayar da shi baya na sake ji har batir ya fara jan murya.

Washegari ina tankaɗe sai na hango Gwaggo ta nufi ɗakin randa, ta naɗe hannun riga. “Yau zan zubar da tsafin nan kowa ya huta. Babu kwalba, babu dalilin rufe tabki.”

Ban san na tashi ba. Sai ganina na yi a bakin ƙofar, hannuwana tokare da gefenta biyu, gari har gira.

“Matsa!”

“Gwaggo, ki yi haƙuri.”

“Ni za ki tare wa hanya a gidan ƙanena?”

Na ce, “Ki doke ni in kina so. In kika zubar, sai an sake daga farko, wani sati huɗun. Albasar Iya ba za ta kai ba.”

Ta ɗaga hannu. Sai muka ji gyaran murya. Baba ne tsaye da butarsa. Ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya ce, “Yaya, na ce amana ce.” Ya wuce masallaci. Gwaggo ta yini ba ta amsa gaisuwata ba.

Awo na uku, ba ni da izinin zama kusa, sai na tsaya bakin madafa ina leƙe. Ya ɗauki mai jan zare. Ɗis, ɗis, ɗis. Shuɗin ya washe tun ban zata ba. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗauko wata mai jan zaren ya sake. Haka dai. Bai waiwayo ba, amma ya ɗaga murya yadda zan ji, wai da Iya yake: “Iya, baƙin nan sun fara sa hannu a akushi.”

Iya ta ce, “Alhamdu lillahi,” ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Ni kuwa na ƙona miyar ranar.

Ranar awon ƙarshe Baba da kansa ya sa aka kawo masa kujera, Dado ya tsuguna a gefensa da sandarsa. Gwaggo ma ta fito, wai iska take sha. Aghali ya auna mai farin zare, ta daɗe kamar kullum. Ya auna mai ja, kafin Dado ya gama gyara zama ruwan ya yi fari tas.

“Sun cinye mafi yawansa, Baba. Irin mai ruɓewa ne.”

Baba ya sauke numfashi. “To a je a janye ƙaya.”

“Ba yau ba, Baba.”

Na dafe ƙirji. Wannan bawan Allah zai kashe ni! Fuskar Baba ta canja, Gwaggo ta tafa hannu, “Kun ji ko!”

Aghali ya ce, “Kwalba ta gaya mana ruwa na iya cin maganin. Saura mu ji ko na cikin tabkin ya ƙare. Zan sa tsutsar sauro a ruwan Aduwa ta kwana, ita ce ba ta jure ko kaɗan. Gobe kuma in je posta, gidan waya, a Tanut in buga wa Yamai waya.”

Sai Dado ya fashe da dariya, shi da tun mutuwar awakinsa ba a ga haƙoransa ba. “Alhaji, bar yaron nan. Da ni ke da ƴa, irin wannan mai taurin kan zan ba kiwonta.”

Tsutsotsin suka kwana suna wutsil-wutsil a kwano. Shi kuma ya yini a posta yana jiran layi, har ya samu. Mutanen Yamai suka tabbatar da irin maganin, suka ce ruwan baya-bayan nan da ya aika saura ɗan abin da ba ya cutar da dabba ko shuka. Sha dai a ci gaba da na rijiya zuwa wani lokaci.

Ranar da aka janye ƙaya gari kaf ya fita. Shanu suka shiga har ciki suna huci, mata suka yi ta guɗa, Iya ta zuba wa sauran irin albasarta tulun farko tana share ido da gefen mayafi. Rabi ya ƙone, rabi ya rayu, ta ce rabin ma arziki ne.

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni zaure. Na sako mayafi na durƙusa daga bakin ƙofa. Aghali na zaune can gefe, kansa a ƙasa.

Baba ya ce, “Raliya, na yi fushi da yaron nan don ya ce mini a'a a zaurena. Na kwana ina tunani. Duk cikin masu cin tuwona, ban san wani da zai iya faɗa mini ita ba. Na janye maganata. Ke fa, kina nan a kan bakanki?”

Kunya ta rufe ni. Na ja mayafi na rufe fuska.

“Ban ji ba.”

Daga cikin gida Iya ta ɗago murya, “Alhaji, yarinyar da ta ƙona mini miya sau uku kake tambaya?”

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce bayan an ɗaure hatsi za a ɗaura, ya shafa fatiha. Na tashi da gudu har ina tuntuɓe da turmi.

Na ɗauka an gama ke nan. Ashe labari ya riga ya yi arewa, kuma rabinsa kawai ya tafi.

Da hantsi ina tsakar gida ina surfe, tsohon zane a ƙirji, kaina ba ɗankwali, dusa har gashin ido, sai na ji gurnanin raƙuma a ƙofar gida. Kafin in nemi mayafi wata doguwar dattijuwa ta shigo, baƙin lulluɓi mai sheƙi ya rina mata goshi, azurfa a wuya da hannu, mata biyu na biye da ita. Idanunta sak na Aghali. Ta tsaya tsakiyar gida ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi magana da Hausar da ake jin an ɗauko ta daga nesa:

“Ni ce uwar Aghali. Wace ce Raliya? Kuma wa ya kori ɗana daga gidan nan?”

Taɓarya ta suɓuce daga hannuna. Na waiwaya wajen Gwaggo Tata, wadda tunda nake ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba. Sai bayan lulluɓinta na gani, tana shigewa madafa.